Pintô ko Art Fair Philippines: ina ya kamata baƙo ya fara ganin zanen 'yan Filifin na yau?

Duk wanda hanya ta kai shi Manila, ko karatu ne ya kai shi kamar ɗaliban Najeriya da ke koyon likitanci da aikin jinya a Filifin, ko fatauci, ko wani taro, in dai yana da sha'awar zane-zane, sunaye biyu zai fi ji a bakin 'yan gari. Ɗaya shi ne Art Fair Philippines, babban baje kolin da ake ci sau ɗaya a shekara, a watan Fabrairu. Ɗayan kuma Pintô Art Museum, gidan zane-zanen da ke kan tudun Antipolo a lardin Rizal, gabas da birnin. Mai yini ɗaya a hannu ba zai iya haɗa su ba, kuma ko da yana da lokacin, ba abu ɗaya za su nuna masa ba. Ra'ayina shi ne baƙon da bai san zanen ƙasar ba ya fara da Pintô. Sai dai akwai waɗanda wannan shawara ba za ta yi musu amfani ba, shi ya sa ya kamata a auna wuraren biyu da kyau.

Kafin a auna su, sai an san irin zanen da ake magana a kai. Tun fil azal masu zanen Filifin mutane ne masu son ba da labari da jikin ɗan Adam. Zanen da ƙasar ta fi alfahari da shi, Spoliarium na Juan Luna, wanda ya ci lambar zinariya a Madrid a 1884, hoton gawawwakin mayaƙan filin wasa ne na zamanin Rumawa ana jan su a ƙasa bayan an gama wasa. Faɗinsa ya haura mita 7, kuma 'yan kishin ƙasa na lokacin sun karanta shi a matsayin halin da suke ciki a hannun Sifaniya. Bayan shi Fernando Amorsolo ya cika ƙasar da hotunan 'yan mata a gonakin shinkafa cikin hasken rana, har Victorio Edades ya dawo daga Amurka a 1928 ya nuna leburori masu duhun jiki da murɗaɗɗun gaɓoɓi, aka yi ta cece-kuce. Da shugaban ƙasa Ferdinand Marcos ya ƙaƙaba dokar soja a 1972, wasu matasa suka kafa ƙungiyar Kaisahan a 1976 suka mayar da fenti makamin faɗa da zalunci. Ɗaya daga cikinsu, Antipas Delotavo, ya zana wani tsohon lebura yana wucewa ta gaban allon tallar Coca-Cola, jelar harafin farko ta miƙo kamar wuƙa tana nufin ƙirjinsa. Wannan jijiya ce ta zanen shaida, kuma ita ce Pintô ya gada.

Wata jijiyar ta kuɗi ce, kuma an san ranar da ta fito fili. A watan Afrilun 2011 aka yi gwanjon zanen Grayground na Ronald Ventura a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Hong Kong, ya tashi a kan kimanin dalar Amurka miliyan 1.1, farashin da babu wani zanen zamani daga kudu maso gabashin Asiya da ya taɓa kai shi a gwanjo kafin lokacin. Daga nan attajiran Manila suka farga cewa zanen ɗan ƙasarsu ma dukiya ne. Shekara biyu bayan haka, a 2013, aka buɗe Art Fair Philippines. Ba wai jijiyoyin biyu ba sa haɗuwa ba ne, don sau da yawa mai zane ɗaya za ka tarar a nan da can. Bambancin yana wajen wanda ya zaɓo abin da ke jikin bango, da dalilin da ya sa ya zaɓo shi.

A Pintô mutum ɗaya ne ya yi zaɓin: Dakta Joven Cuanang, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Bayan boren da ya kori Marcos a 1986, ya haɗu da wasu samari masu zane da ba su da ko sisi, 'yan ƙungiyar Salingpusa, waɗanda ke zuwa Antipolo yin zane. Ya buɗe musu gidansa na hutun ƙarshen mako, suna shanya ayyukansu a kan igiya a cikin lambu, shi kuma yana gayyato abokansa su saya, abin da ya rage ya saya da kansa. Samarin nan su ne yau manyan sunaye: Elmer Borlongan, Mark Justiniani, Emmanuel Garibay, Ferdinand Montemayor, Antonio Leaño. Leaño ɗin ne ma ya tsara fararen gine-ginen da aka buɗe a matsayin gidan zane-zane a 2010. Saboda haka abin da ke ciki ba kayan da aka tara don a sayar ba ne. Tarihin wasu tsara ne tun suna neman na abinci har suka zama abin da suka zama, a hannun wanda ya yarda da su tun babu mai kallonsu.

Abin da zai fara tare ka a babban ɗakin farko shi ne Karnabal, zanen haɗin gwiwa da 'yan Salingpusa suka yi a 1992, mai tsawon ƙafa 40 da tsayin ƙafa 12. Sun ɗauki al'ummar ƙasar bayan faɗuwar Marcos suka mayar da ita filin wasan biki, kowane lungu da abin da ke gudana a cikinsa, dariya da tsoro a cakuɗe. Zane ne da ake zama a gabansa, ba a wuce shi a tsaye. In ka ba shi minti ashirin, ka riga ka fahimci rabin abin da ke damun masu zanen wancan zamani: an kori mai mulkin kama-karya, amma talaka bai ga canji a tukunyarsa ba.

Daga nan sai ka bi su ɗaya-ɗaya. Mutanen Borlongan ba a ɓata su da na kowa: kai a aske ƙwal, idanu manya, hannaye dogaye fiye da ƙima, direbobi da makaɗa da yaran titi na Manila. Ba ya zana su don a ji tausayinsu, kuma wannan ne ya sa nake ganin girmansa. Suna tsaye da mutuncinsu, suna cikin sha'aninsu, kai ne baƙo. Garibay kuwa ya karanta ilimin zamantakewa da na tauhidin Kirista, shi ya sa za ka ga fasinjojin motar haya ta jeepney a matse kamar masu ibada, ko kuma manyan coci a zane da fuskar tuhuma. Justiniani ya faro da irin wannan zane na jama'a kafin ya koma aiki da madubai da fitilu masu sa ka ga rami mara iyaka a ƙarƙashin ƙafarka, aikin da ya kai shi wakiltar ƙasarsa a baje kolin Venice na Italiya a 2019. Ganin farkonsu a wuri ɗaya yana koya wa ido abin da kundin hotuna ba zai koya masa ba.

Pintô yana da nasa aibobin, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, ɗanɗanon mutum ɗaya ne. Dakta Cuanang yana son zane mai mutane da labari, don haka wanda ya tsaya a nan kaɗai zai ɗauka duk zanen Filifin haka yake, alhali akwai wata babbar makaranta da ta bi Roberto Chabet, malamin da ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Filifin har ya yaye ɗalibai masu fifita tunani a kan labari. Na biyu, yawancin ɗakunan a buɗe suke ga iska, babu na'urar sanyaya ɗaki. Yana da daɗi ga mai yawo da safe, amma daga Maris zuwa Mayu zafi da gumi za su gajiyar da kai, kuma duk mai ƙaunar zane zai ji ba daɗi in ya tuna abin da laima ke yi wa fenti a ƙasa mai ruwan sama irin wannan. Na uku, bayanin da ke gefen zanen bai cika yawa ba, sau da yawa suna ne da shekara. Na huɗu, wurin ya yi suna wajen masu ɗaukar hoto, har da masu hoton kafin aure, ta yadda ranar Asabar da Lahadi za ka yi ta jiran wani ya gama tsayuwa a gaban zanen da kake son gani. Ga matakala ko'ina, domin a kan gangare aka gina shi. Dattijo mai ciwon gwiwa zai sha wuya.

Sai nisa. A taswira Antipolo ba ta da nisa da Makati, cibiyar kasuwancin yankin Manila, amma cunkoson Manila ba ya bin taswira. Ka ware awa ɗaya zuwa biyu a mota kowace tafiya. Jirgin ƙasa na LRT-2 yana kaiwa tashar Antipolo tun 2021, sai dai daga tashar akwai sauran hawa, sai ka ƙara da jeepney ko mai ƙafa uku. Yini guda ne cur, ba wurin leƙawa tsakanin taro biyu ba.

Art Fair Philippines kusan kishiyar wannan ne ta kowace fuska. Mata uku ne suka kafa shi, Trickie Lopa da Lisa Periquet da Dindin Araneta, kuma shekaru da dama a wani benen ajiye motoci mai suna The Link da ke tsakiyar Makati ake yin sa, a share hawa-hawa a kafa rumfuna. A 2025 an mayar da shi lambun Ayala Triangle, don haka kada ka dogara da tsohon adireshi, ka duba inda za a yi na shekarar da za ka je. Ya faro da gidajen sayar da zane 24, ya bunƙasa har dubun-dubatar mutane ke shiga cikin 'yan kwanakin da ake yi. Ana samun gidaje daga Japan da maƙwabtan ƙasashe da Turai, akwai sashen hotunan kyamara tun 2018, akwai laccoci, akwai manyan ayyukan da ake ba wasu zaɓaɓɓun masu fasaha su yi musamman don bikin. Wanda ya san kasuwar baje koli ta Kaduna ya san yanayin: hayaniya, turereniya, kowa da rumfarsa yana son ka tsaya.

Amfaninsa na farko shi ne sabunta. Abin da ke bango an gama shi ne watanni kaɗan da suka wuce, wani ma fentin bai gama bushewa ba. A irin wannan wuri ne ake cin karo da 'yan bayan Salingpusa, waɗanda hanyarsu ta bambanta. Rodel Tapaya yana ɗauko tatsuniyoyin ƙabilun ƙasar ya cusa musu sare daji da ambaliya da haɗamar 'yan siyasa, a manyan zanuka masu cunkoson launi kamar kurmi, kuma da irin wannan ya ci babbar kyautar Signature Art Prize a Singafo a 2011. Matarsa Marina Cruz tana zana tsofaffin rigunan yarinta na mahaifiyarta da innarta, waɗanda tagwaye ne, da kowane tabo da kowane ɗinki, har ka ji kamar ka san masu rigar. Annie Cabigting tana zana bayan mutanen da ke kallon zane a gidajen tarihi, wato kai mai kallo kai ne abin zanawa. Jigger Cruz kuwa matso fenti yake yi kauri-kauri a kan hoto irin na da, har ya malalo kan firam ɗin. Ba na ce duk shekara za ka same su duka ba. Abin nufi, faɗin da baje kolin ke nunawa ya fi na kowane gida mai zaɓin mutum ɗaya.

Amfani na biyu mutane ne. Masu gidajen zane suna tsaye a rumfunansu, masu zanen da kansu suna zagayawa, kuma kusan kowa yana jin Turanci. Ɗalibin fasaha, ko mai zane daga Kano ko Zariya ko Yamai da ke neman hanyar nuna aikinsa a Asiya, ko mai tunanin buɗe gidan sayar da zane, zai samu a yini biyu abin da zai shafe wata yana nema ta wasiƙa. Ga irin waɗannan, babu ma gardama: baje kolin ya fi.

Amma kasuwa kasuwa ce. Abin da ake kawowa shi ne abin da ake sa ran zai sayu, kuma abin da ke sayuwa ba kullum ne abin da zai daɗe ba. Za ka ga rumfa bayan rumfa na zane mai sheƙi, mai girman da ya dace da bangon falo, da 'yan tsana masu manyan idanu da ake yayi. Zanen da ke tuhumar masu kuɗi yana wahalar samun wuri a inda masu kuɗi ne abokan ciniki, ko da yake wasu na kutsawa. Sannan kafin a buɗe wa jama'a ƙofa akwai ranar manyan baƙi, inda masu tara zane ke kwashe na kirki, kai kuma ka zo ka tarar da jan ɗigo a gefen duk abin da ya burge ka, alamar an saya. Ga gajiyar ido: bayan rumfa talatin komai ya fara kama da juna. Kuɗin shiga ma ya fi na Pintô.

Akwai kuma abin da baƙo ba zai sani ba sai an gaya masa. A 2020 gidaje goma daga cikin mafiya tasiri, irin su Finale Art File da West Gallery da The Drawing Room da Artinformal da MO_Space, suka haɗu suka buɗe nasu baje kolin mai suna ALT Philippines. Ma'ana, wanda ya shiga Art Fair ya fito yana cewa ya ga duk abin da Manila ke yi, bai gani ba. In tafiyarka ta faɗo a Fabrairu, wanda shi ne watan fasaha na ƙasa a Filifin, ka bincika ko ana yin ALT a shekarar.

Ga mai son saye, musamman sayen farko, ni ba Art Fair zan tura shi ba. Zan tura shi Art in the Park, kasuwar yini ɗaya da ake ci tun 2006 a lambun Jaime Velasquez da ke Salcedo Village a Makati, yawanci wajen Maris. Shiga kyauta ne, an kuma ƙayyade farashi, a 'yan shekarun nan babu abin da ke wuce peso 70,000, sannan wani kaso na cinikin yana tafiya ga gidauniyar da ke tallafa wa gidajen tarihin ƙasar. Ɗalibai da ƙungiyoyin matasa da manyan gidaje duk suna baje kaya a ƙarƙashin bishiyoyi, kuma ana zuwa da sassafe ne don na kirki ba ya kai azahar. Can sama kuma akwai gidajen gwanjo irin León Gallery da Salcedo Auctions, inda a 2018 wani zanen José Joya mai suna Space Transfiguration ya tashi a kan sama da peso miliyan 112. Wannan fage ne na waɗanda suka san ruwa. Jabun ayyukan manyan sunaye suna yawo, don haka kowane saye a nemi takardar shaidar inganci daga gidan da ke wakiltar mai zanen. Ayyukan waɗanda gwamnati ta naɗa gwarazan fasaha na ƙasa kuma dokar kare kayan gado ta 2009 ta shafe su, ba a fita da su sai da izini. Wani abin lura ga mai kawo zane gida: an yi shi ne a ƙasa mai laima, in ya sha iskar hunturu katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai yana iya tsukewa, fenti mai kauri ya tsage. Mai sirara ya fi jure tafiya, kuma a naɗe shi cikin bututu fentin yana kallon waje.

Akwai maganar da ta shafi da yawa daga cikin masu karanta wannan. Filifin ƙasa ce ta Katolika mafi rinjaye, zanenta cike yake da gicciye da waliyyan coci, kuma tsiraici ba baƙon abu ba ne a wuraren biyu. Mai tafiya da iyali ya san da haka, musamman a Pintô. Wanda kuma ba ya son hoton mai rai gaba ɗaya, ƙasar ba ta bar shi hannu rabbana ba. Fernando Zóbel ya yi zanen da babu siffar kowa a ciki, siraran layuka da yake fesawa da sirinji, ana ganin su a Ayala Museum da ke Makati. Shi ne kuma ya ba da tarin zanen da aka kafa Ateneo Art Gallery da shi a 1960, gidan da ya fi Pintô tsari da bayani, ko da yake bai kai shi ɗumi ba. Sannan akwai Abdulmari Imao, ɗan Sulu, Musulmi na farko da aka naɗa gwarzon fasaha na ƙasa a 2006, wanda ya gina aikinsa a kan okir, wato ƙawar lanƙwasassun layuka ta Musulmin kudu, da rubutun Larabci, ko da yake yana sa tsuntsun sarimanok na al'adar yankin a ciki. Gidan tarihin ƙasa na al'adun jama'a da ke Rizal Park yana da sashen fasahar Bangsamoro, wato Musulmin kudancin ƙasar, shiga kyauta, daf da ginin da Spoliarium yake, kuma Masallacin Zinariya na Quiapo da gidajen abincin halal da ke kewaye da shi ba su da nisa daga nan.

To, yaya za a yanke? In tafiyarka ba ta faɗo a Fabrairu ba, kalanda ta riga ta yanke maka, kuma ba ka yi babbar asara ba. A titin Chino Roces da ke Makati akwai jerin gidajen sayar da zane a tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya, ciki har da Silverlens, wanda ya buɗe reshe a New York a 2022, da Finale da The Drawing Room. Shiga kyauta ne, suna sauya abin da ke bango kusan kowane wata, kuma babu turereniya, za ka tsaya gaban zane iya son ranka. Yammaci ɗaya a titin nan yana ba ka kaso mai tsoka na abin da baje kolin ke bayarwa. A Oktoba kuma akwai ManilART, wanda ya girmi Art Fair don tun 2009 ake yin sa. Gidan zane-zanen BenCab, wato mai zane Benedicto Cabrera, da ke kusa da birnin Baguio ya cancanci ziyara, amma tafiyar sa'o'i ce zuwa tsaunukan arewa, sai mai kwana biyu a hannu.

In kuwa kana gari a Fabrairu kuma yini ɗaya gare ka, tambayi kanka abin da ya kawo ka. Mai neman abokan hulɗa, mai saye da ya riga ya san sunaye, da wanda ya taɓa zuwa Pintô, su nufi baje koli, su je ranar aiki da zarar an buɗe ƙofa, su fara da ayyuka na musamman kafin rumfunan ciniki. Kowa ban da waɗannan ya hau Antipolo. Dalilina shi ne baje kolin yana amfanar idon da ya riga ya san abin da yake nema, shi kuwa Pintô shi ke koya wa idon. Wanda ya zauna gaban Karnabal ya bi mutanen Borlongan ɗaki-ɗaki, in ya shiga rumfunan Makati daga baya zai iya bambance mai abin faɗa da mai bin yayi. A je ranar Talata zuwa Alhamis, a bar Makati kafin cunkoson safe ya kankama, a sa takalmi mara tsini saboda matakala. Ranar Litinin Pintô a rufe yake.